Kafin a katse mana sabis, a fara kawo lissafin Zamfara

Tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa na Jihar Kano a ƙarshen 2025, nake jin wata magana a majalisarmu ta bayan la'asar: wai me ya hana gwamnati ta katse sabis a yankin, infoma ya rasa ta inda zai kira mutanen daji? Masu faɗin haka tsoro ne ya kai su, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai an riga an sha wannan magani a maƙwabta, ya kamata mu tambayi yadda mara lafiyar ya kwana.

A ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, lokacin Farfesa Umar Danbatta yana shugabanta, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a duk faɗin Zamfara bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle. Mako biyu aka ce da farko. Wasu yankunan sai da suka doshi wata uku babu kira babu saƙo. Katsina ta bi sahu a ƙananan hukumomi 13, Sakkwato da Kaduna ma suka rufe wasu sassa.

Wa ya ji a jikinsa? Mai POS ya naɗe tabarmarsa. Wanda ɗansa ke turo masa kuɗin cefane daga Legas sai ya hau mota zuwa wata jiha kafin ya ji muryarsa. Mafi muni, manomin da ya hango ayarin babura daga gona ba shi da hanyar sanar da gari, balle soja. Shi kuwa ɗan bindigar da ke kusa da iyaka, layin Nijar ya sa a wayarsa ya ci gaba da harkarsa. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ya san sabis bai san shingen kan iyaka ba. Aka dawo da layuka, hare-hare ba su tsaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sauƙin da aka yi abin da shi. Sashe na 148 na Dokar Sadarwa ta 2003 ya ba NCC ikon dakatar da sabis idan an shiga halin gaggawa ko don kare lafiyar jama'a. A Zamfara wasiƙa ɗaya ta wadatar. Ba a je gaban alƙali ba, ba a nemi ƙuri'ar Majalisar Tarayya ba, miliyoyin mutane suka wayi gari wayarsu ta zama fitila. To ga abin mamaki: a 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya turakun sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. Ke nan yaron da ya kwance batirin turke ɗaya ya taɓa tsaron ƙasa, amma hukuma tana iya kashe ɗaruruwa da takarda guda.

Kada a ce ƙauye bai ba da nasa kason ba. Da aka zo da haɗa layi da lambar NIN a Disamba 2020, mu ne muka yi sammako zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, muka wuni a layi, wasu har da biyan kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne. Na raka wani kawuna sau uku saboda na'ura ta ƙi karɓar yatsunsa, fartanya ta cinye zanen. A Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira, aka rufe ƙofa gaba ɗaya a Satumba 2024. Tun kafin nan, a 2015, an ci MTN tarar dala biliyan 5.2 kan layukan da ba su da rajista, daga baya aka sasanta a naira biliyan 330. Duk da sunan tsaro aka yi.

Amma har yau da waya ake cinikin kuɗin fansa, a kira yau a kira gobe, a yi ta ja-in-ja kamar ana cinikin saniya. Shi kansa Isa Ali Pantami, tsohon ministan sadarwa da ya kawo tsarin haɗa layi da NIN, ya koka a Janairu 2024 cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Kayan aiki kuwa akwai. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan kira na shekara biyu. Ƙa'idojin da NCC ta fitar a 2019 sun ba jami'an tsaro damar sauraron layi da izinin alƙali, wanda ya dace da kariyar da sashe na 37 na tsarin mulki ya yi wa sirrin waya. Bin layi ɗaya har a kai ga mai shi aiki ne mai cin lokaci da ƙwarewa. Kashe sabis kuwa sa hannu ne kawai, shi ya sa yake da farin jini a ofis.

Ban ce ko kusa kada a taɓa sabis ba. Soja na iya buƙatar a yi shiru na awanni a wani daji kamar Falgore yayin farmaki, wannan kowa zai fahimta. Abin da nake nema daga 'yan majalisarmu na Kano ta Arewa shi ne su kai gyaran sashe na 148: alƙalin Babbar Kotun Tarayya ya amince tukuna, a faɗi gundumomin da abin ya shafa da adadin kwanaki, a bar lambar gaggawa ta 112 tana shiga, sannan bayan an buɗe a kai wa majalisa rahoton mutum nawa aka kama, nawa aka ceto. In kuwa wani ya zo da shawarar a rufe Shanono kafin nan, hakimai da dagatai su fara tambayarsa wace lamba mai unguwa zai kira da ƙarfe biyun dare.