Naitiret Ya Ja Min Nasiha a Malali

Mun tashi daga Kawo zuwa Malali, tankin da nake kiwon kifi da murjani (halittun teku masu kama da tsiro) a ciki, mai lita 200, ya biyo mu a a-kori-kura. Bayan kwana goma na gwada ruwan: naitiret, sinadarin da dauda ke tarawa a ruwa, ya kai 80 ppm (ma'aunin yawansa a ruwa), abin da a da bai wuce 5 ba. Murjani duk sun tsuke, launinsu ya koma ruwan ƙasa.

Aikin ƙanin matata ne. Na ce a wanke tsohon yashin tankin kafin a mayar, ya juye shi haka da daudar shekara uku. Duwatsun kuma ya bar su a rana yana waya, halittun jikinsu suka mutu suka ruɓe. Ruɓa ta ba da amoniya, bakteriya suka mai da ita naitirayit, daga nan naitiret. Har yau cewa yake "ai ruwa ruwa ne".

Canjin ruwa lissafi ne. Ka cire kashi 20 cikin 100, wato lita 40, ka zuba sabo, 80 ta dawo 64, in ka maimaita sai 51, sai 41. Amma fa sai sabon ruwan ba shi da naitiret: ruwan RO/DI, wato wanda na'ura ta tace tas, TDS (ma'aunin abin da ya narke a ciki) sifili, a haɗa gishiri ya kai 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, zafinsa wajen digiri 25. Ruwan burtsatse shi ma a gwada shi tukuna. A rage abinci, a wanke safar tacewa (jakar da ke tare dauda) duk kwana biyu.

Ni da gaggawa sai na kira abokina a ƙofar gida kan maganar ciyar da bakteriya da kabon (abincinsu da ke cikin giyar vodka ko binega), su cinye naitiret, sikima (na'urar da ke fitar da dauda ta hanyar kumfa) ta kwashe su. Murya ta sama nake cewa, "Vodka ɗin mil nawa zan fara da shi? Kullum da safe? In na saba sai in ƙara?"

Ina juyowa, ga Alhaji maƙwabcina da buta a hannu. Bai ce uffan ba. Ya dube ni, ya dubi jarkokin da ke bayana, ya sake dubana. Na ce, "Alhaji, na kifi ne." Ya ce, "Na kifi." Na ce wallahi bakteriya ne za su sha. Ya gyaɗa kai a hankali, irin yadda ake wa mara lafiya. Bayan Magariba ya riƙe min hannu ya ce, "Ɗana, kowa na da jarrabawarsa, ƙofar tuba a buɗe take." A gaban mai gadi!

Binega na saya dama, ba vodka ba, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Ana farawa da kamar mil 2 a rana, a ƙara kaɗan duk mako, sikima na aiki dare da rana. Ni haushi ya sa na zuba 20. Washegari ruwa ya yi fari kamar farau-farau, kifi suna haki a sama don iska ta yi ƙasa, NEPA kuma suka ɗauke wuta.

Yanzu dai muna 20 ppm. Alhaji ya aiko min da dabino jiya, ban san me yake nufi ba.