Salansar da kuka fafe barcinmu kawai ta ci, ba ta ƙara muku gudu ba

Na karanta dogon bayanin da yaron nan mai babban babur, wanda ƙarar salansarsa ta firgita unguwa daren jiya, ya saki da safe, kuma wallahi gara ma da ya yi shiru. Wai shi bai fafe salansarsa ba, hanjin kamfani, wato abin da ke cikinta yana danne ƙara, kawai ya zare ya sa na kasuwa, kuma wai na kasuwar ma ai "mai rage ƙara ne". Madalla. Ashe abin da muka ji daren jiya ragaggiyar ƙara ce. Allah Ya kiyaye mu da ranar da za a kawo mana cikakkiyar.

Kowa ya ga bidiyon. Kun ga yadda layi ya watse lokacin da 'yan rakiyar wata amarya suka shigo a kan babura, kun ga matar da ke tuyar awara ta ture kaskon mai tana neman hanyar gudu, kun ga yara suna afkawa gidajen da ba nasu ba. Babu wanda ya tsaya tambayar ko hanjin kamfani ne ko na kasuwa. Tas-tas-tas aka ji, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Sai da gari ya waye aka zo mana da lacca a kan injiniyanci.

To tunda injiniyanci ake so, bari mu yi shi.

Ƙara ba gudu ba ce. Wannan ita ce maganata, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji. Salansar da Yamaha ko Suzuki ko Honda ko Kawasaki suka ɗaura wa babur ba gwangwani ba ne da aka liƙa don ado. A cikinta akwai ɗakuna da bututai da aka auna tsawonsu da faɗinsu, don hayaƙi ya riƙa karo da kansa yana kashe amo kafin ya fito. Akwai matatar hayaƙi, wadda makanikanmu ke ce wa indomi. A manyan babura da yawa har wani bawul ne a cikin bututun, yana tsukewa idan injin na tafiya a hankali, yana buɗewa idan an murza totur. Yamaha ta fara sa irinsa tun 1987, ta kira shi EXUP. Amfaninsa shi ne babur ya samu ƙarfin ja tun daga ƙasa, ba sai injin ya kai ƙololuwa ba. Ga kuma na'urar da ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa kwamfutar injin yawan man da za ta saki. Duk waɗannan tare aka tsara su, kowanne ya san da zaman ɗan'uwansa.

Sai kai ka ɗauki babur ɗan Kwatano da ka sayo da miliyoyi, ka kai shi bakin titi wajen mai walda, ya yanka, ya zare, ya cusa wani guntun bututu mai huji-huji da aka naɗe da audugar gilashi, ya ɗaure da noti ɗaya. Shi ke nan an gama "gyara". Ba a taɓa kwamfutar injin ba, ba a ɗora babur a kan na'urar gwada ƙarfi ba, ba a auna komai ba sai da kunne. An ba shi wuta sau uku, yaran gareji sun yi shewa, an ce ya buɗe.

Ka san abin da ya buɗe? Lissafin iska da mai ne ya tashi daga inda aka ajiye shi. Sau da yawa iska ta yi wa mai yawa, injin ya ƙara zafi, bawul ɗin hayaƙi ya riƙa shan wuta fiye da ƙima. Ƙarfin ja na ƙasa da na tsakiya, wanda shi ne kake amfani da shi tsakanin wannan shataletale da wancan, sau da yawa raguwa yake yi. Ɗan abin da ake samu, in ma an samu, yana can sama inda injin ke zagaye fiye da dubu goma a minti, kuma ko salansa ta gaske ce aka sauya ta baya kawai, ribar ba ta cika wuce ƙarfin doki biyu ko uku ba a babur mai doki sama da ɗari. Don Allah a wane titin cikin gari za ka kai can? Tsakanin ramuka da 'yan Adaidaita da akuyoyi? Holoƙo ne kawai, hadarin kaka.

Ita kuma wannan tas-tas ɗin da kuke ji da ita, wadda ke fita idan an saki totur, man da bai ƙone a cikin injin ba ne yake haɗuwa da iska a bututu mai zafi ya fashe. Wasu ma na ji har biya suke a saita musu kwamfuta ta riƙa zubar da mai da gangan don ya yi ta fashewa. A wannan zamanin! Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 magidanta ke kashe mashin a gangara don lita ta kai su gida, kai kuwa kana ƙona naka a bayan injin, inda ba ya juya taya ko sau ɗaya. Ƙara ba gudu ba ce, Malam.

Na san abin da za a cika min ƙasan rubutun nan da shi. Wai ƙarar ce ke sa masu mota su san kana tafe, wai tana ceton rai. Bakin salansa dai baya yake kallo. Wanda ka riga ka wuce shi ke shan ƙararka, da wanda ke kwance a ɗakinsa. Mai motar da ke gabanka, gilashi a rufe, rediyo a kunne, ba zai ji ka ba sai ka zo dab da shi, lokacin da jin ba shi da sauran amfani sai firgita. Binciken da aka yi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a kan haɗurran babura 900, wanda aka fitar a 1981, ya nuna cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da ke jawo haɗarin daga gaban mai babur yake fitowa. Kuma ni abin da ke ba ni dariya, mai wannan hujjar ta ceton rai za ka gan shi ba hular kwano, da silifas, da 'yar shara, fitilar gaba ta mutu tun bara. Ashe duk cikin kayan kariya salansa ce kaɗai ta dame ka. Borin kunya ne, mu wuce.

Wai kuma 'yan tsere ma haka nasu yake. Ƙwarai, baburan MotoGP, gasar tseren babura ta duniya, suna da ƙara, har an yarda musu su kai desibel 130 a ma'aunin ƙara. Amma a fili suke yi wanda aka killace, masu aiki a wurin da abin toshe kunne, 'yan kallo kuma da kuɗinsu suka sayi tikiti suka zo. Matar da ke tuyar awara tikitin nawa ta saya? Kuma su 'yan tseren ba da sifana da zato suke aiki ba. Kamfanoni irin su Akrapovič na ƙasar Sulobeniya da Yoshimura na Japan suna ƙera bututun tun daga bakin injin har ƙarshe, su gwada, a sake saita mai ya dace da shi. Wanda ke maƙale a babur ɗinka mai tambarin Akrapovič, wanda ka saya kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba, ni da kai mun san sitika ce kawai ta gaske a jikinsa, in ma ita ɗin ce.

Shi kuma hanjin kasuwar da ake fakewa da shi, bari in faɗa muku yadda yake ƙarewa. Audugar gilashin nan zafi ne ke cinye ta a hankali, ta ƙone ta fice tare da hayaƙi. Masu abin na gaske sun san ana buɗewa a sake cusa sabuwa lokaci-lokaci. A nan wa ke yi? Bayan 'yan watanni bututu ne zalla. Kuma ba banza aka ɗaure shi da noti ɗaya ba, don ranar biki a kwance shi a jefa aljihu cikin minti biyu ne, in an hango masu kaki a mayar. Kada a raina mana hankali.

Yanzu bar batun zolaya. Ni ina son babur. Duk wanda ya san ni ya san in na ga Hayabusa, babban babur ɗin nan na Suzuki, a ajiye sai na zagaya ta, kuma amon injin mai silinda huɗu yana tafiya lafiya abu ne mai daɗin ji. Ba na cikin masu cewa duk mai babban babur ɗan iska ne. Akwai masu hawa da na sani, magidanta, da hularsu da rigar kariya, su fita bayan gari ranar Lahadi su dawo ba wanda ya san sun fita. Ku ne kuke ja musu zagi.

Amma ku tuna a ina kuke. Garin nan namu na Kano ya ga hare-haren bama-bamai da bindigogi na 20 ga Janairun 2012. Shekara guda bayan nan aka buɗe wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero wuta, kwanaki kaɗan aka hana acaɓa, dubban mutane suka rasa sana'a saboda abin da wasu suka aikata a kan babur. A unguwanninmu yanzu akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu a Zamfara da Katsina, waɗanda a wurinsu rugugin babura da dare ma'ana ɗaya gare shi. Irin wannan mutumin ne za ka bi ta bayan tagarsa ƙarfe ɗaya na dare kana sakin abin da ba ya da maraba da harbi, don kawai 'yan mata su juyo. Akwai mai hawan jini, akwai mai jego da ta sha wuya kafin jariri ya yi barci, akwai wanda zai tashi da asuba ya tafi neman abin da yara za su ci. Haƙƙin maƙwabci ba ƙaramin abu ba ne a addininmu, kun fi ni sani.

Kai kanka ma ba ka tsira ba, ƙanena. Masana lafiyar ma'aikata sun sa desibel 85 a matsayin iyakar abin da kunne zai jure na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In an kai 100, minti 15 ke nan. Fafaffiyar salansa tana wuce haka cikin sauƙi, kuma kai ne mafi kusa da ita kullum. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa, ba allura ba tiyata. Za ka kai shekara 40 kana "na'am? me ka ce?" kana ɗora wa aljanu.

Ƙasashen da kuke kwaikwayo kuwa sun daɗe da gajiya. A Amurka doka ta tsayar da babur ɗin titi da aka ƙera daga 1986 a kan desibel 80. A yankin Tirol na Ostiriya, tun 2020 akwai hanyoyin kan dutse da aka haramta wa duk babur ɗin da ƙararsa a tsaye ta wuce desibel 95, tarar Yuro 220. Birnin Faris ya fara gwada na'urori masu kama ƙara su ɗauki lambar mai ita a 2022. Mu ma nan muna da dokar taƙaita hayaniya ta ƙasa tun 2009, ba yau aka fara maganar ba. Wato abin da kuke ɗauka wayewa ne, a can tara ake ci a kansa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda cutar ta sauko ƙasa. Yanzu yaro mai Boxer ko Jincheng, injin da bai fi cc 100 ko 125 ba, shi ma ya je an fafe masa, yana tafe yana kururuwa mai keke na bin sa a baya ba tare da ya yi gumi ba. Daga wa ya koya? Ƙara ba gudu ba ce, ko a babba ko a ƙarami. In kuɗi ne ke cizonka, sayi taya mai kyau, sauya birki, sayi hula ta gaske, gyara sarƙa. Waɗannan su ne ke sa babur ya yi sauri a hannun wanda ya iya.

Kuma tunda ana maganar dare, su waye suka fara kawo fararen fitilun nan da ake liƙa wa Adaidaita da mashina yanzu? Guda huɗu, guda shida, wasu har suna walƙiya ja da shuɗi kamar motar asibiti. Shekaranjiya na taho daga wajen gaisuwa, wani ya dallare min ido har sai da na taka birki na tsaya cak a tsakiyar titi ina lalube. Da ya matso na ga ashe buhunan gawayi ya ɗauko. Wannan ma za mu zauna a kansa, amma ba yau ba, caji ya kusa ƙarewa kuma har yanzu ba a kawo wuta ba.