Wa Ya Tambayi Yaran Shagonsa?

Makon jiya wata uwa ta same ni a ɗakin malamai, wayar 'yarta a hannu, ranta a ɓace. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo min. "Malama, dubi abin da yarinyar nan take raba dare tana karantawa. Ke ce mai koya musu Hausa, ki faɗa min tsakani da Allah, wannan shi ne adabin?" Na jawo mata kujera na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki turo min littafin. Ba zan ce komai a kan abin da ban karanta ba."

Dare biyu na yi a kansa. Irin littattafan nan ne da ake saki shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, a ba ka farkon kyauta, in labari ya ɗauko daɗi a ce sai ka biya. Maganar gaskiya babu batsa a cikinsa, kuma marubuciyar ta iya jan zaren labari. Amma na rufe wayar zuciyata ba daɗi, kuma abin da ya dame ni daban yake da abin da ya kawo Hajiya.

Jarumin labarin ɗan wani hamshaƙin attajiri ne, ya yi karatu a Ingila, dogo, fari, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa. Ranar da ya fara haɗuwa da yarinyar, motarsa ce ta watsa mata taɓo, da ta buɗe baki ta yi magana ya fito ya kwaɗa mata mari. Direbansa sa'an ubansa ne, amma a gaban mutane yake zaginsa. Aka haɗa su aure, ya yi watanni bai ɗanɗana girkinta ba, yana kiranta 'yar matsiyata. Ina ta jiran inda zai gane kurensa. Har labari ya ƙare bai tuba ba, bai nemi gafarar dattijon direban nan ba, bai ba iyayenta haƙuri ba. Sonta ne kawai ya kama shi, ya saya mata gida a Abuja, ya kai ta Umara, aka tashi. Yarinya 'yar shekara goma sha shida ta karanta wannan, ta ajiye waya tana addu'ar Allah ya ba ta irinsa.

Hajiya kalmar "so" ce ta firgita ta. Ni kuwa abin da ya firgita ni shi ne ana koya wa 'yarta cewa wulaƙanci wani nau'i ne na soyayya, muddin mai yin sa yana da kyau yana da kuɗi.

Ina so a fahimce ni, ba na cikin masu cewa kada a nuna mugu a littafi. Wanda ya faɗi haka bai san adabinmu ba. Mu da muka tashi a gaban kakanni, da "ga ta nan ga ta nanku" aka yaye mu, kuma wane ne babban ɗan wasan tatsuniya in ba Gizo ba? Makwaɗaici, maƙaryaci, mai cin amanar abokin tafiya, wani lokacin har matarsa Ƙoƙi ba ta tsira ba. Ba wanda ya taɓa cewa kakarsa ta lalata shi da labarin Gizo. Muna dariyar wayonsa, amma muna ganin inda kwaɗayi yake kai shi. Tun muna ƙanana aka koya mana gane mai zaƙin baki.

Da aka zo kan rubutaccen labari ma haka ne. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, ita ta haifar da littattafan da har yau muke koyarwa a aji. Ku koma ku sake duba su da idon manya. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari-gari suke bi suna ƙulla wa juna sharri. A Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, mai kuɗi ne ya raba Abubakar da Zainab, kuma mai karatu yana tausayin Abubakar da farko. To amma da ya sa ramuwa a gaba, wa ya ɗauki zunubin? Kyauta, yaron da bai ji ba bai gani ba, shi ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Duk shekarar da na karanta wannan da ɗalibai sai aji ya rabu biyu ana gardama: wa ya fi laifi, wanda ya yi zalunci da dukiyarsa ko wanda ya rama har ya wuce gona da iri? Wannan gardamar ita ce tarbiyyar. Yaro yana koyon auna mutum da abin da ya aikata lokacin da aka ɓata masa, da lokacin da ya samu iko.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, shi ne wanda nake so masu yawan tambayar asali su sake karantawa. Yaro ne maraya da aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara da shi hamada, mahaifiyarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Shi ne ya dawo ya zama malamin da ake tattaki daga nesa don a ɗauki karatu a gabansa. In yau irin wannan mutumin ya zo neman aure a wasu gidajenmu, abin da za a fara raɗawa shi ne, "Ai an taɓa sayar da shi."

Ga kuma hujjar da ta fi duk waɗannan. Suratu Yusuf, wadda Allah da kansa ya kira mafi kyawun labari, a cikinta akwai hassadar 'yan'uwa, akwai jefa ƙani a rijiya, akwai ƙaryar jini a riga, akwai matar da ta kulle ƙofofi. Ba a ɓoye mana ko ɗaya ba. A cikin wannan jarrabawar ne muka ga kamun kan Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muka kuma ga yafiyarsa ranar da 'yan'uwansa suka tsaya a gabansa yana da ikon yi musu komai.

Saboda haka ni ban taɓa yarda cewa wuta ce maganin littafi ba. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan Hausa a Kano ta ƙone. Na yarda niyyar gyara ce ta sa aka yi. Amma yau ina littattafan suke? Sun bar takarda sun koma cikin waya, inda uwa ba za ta ɗaga katifa ta gan su ba. Kuma ƙyamar da aka nuna wa adabin kasuwar Kano gaba ɗaya, kuɗin goro, ta sa mutane da yawa ba su lura da abin da wasu marubutan, musamman mata, suke faɗa ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990: magidanci mai rufin asiri, ɗan kasuwa, wanda a waje ana ganin girmansa, ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Littafin ya ƙetara har an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012. Abin da ya yi shi ne ya ɗaga labulen gidan mutumin da unguwa take kira mutumin kirki, ya ce ku leƙa ku gani. Wannan aikin adabi ne na gaske, kuma ya yi hannun riga da littafin da ke cikin wayar ɗalibata. Ɗaya ya nuna azzalumi a matsayin azzalumi. Ɗayan ya shafa masa turare ya ce ga mijin nunawa sa'a.

Sai dai kafin mu ɗora wa marubuta laifin duka, mu tambayi kanmu inda suka samo wannan jarumin. Ba daga sama ya faɗo ba. Daga zaurukanmu suka ɗauko shi.

Shekarun baya aka zo neman auren 'yar wata makusanciyata. Aka tura kawunnanta bincike, kamar yadda aka saba. Suka dawo da yamma fuska a sake. Ɗan gidan wane ne, kakansa ya riƙe sarauta. Yana da shaguna biyu a kasuwa. Ba a rasa shi a sahun farko. Aka yi hamdala, aka sa rana. Wata tsohuwa a gidan ce kaɗai ta ce, "To, an ji ta bakin matar da ya saka? An tambayi yaran shagonsa?" Aka ce mata, "Haba Inna, ai wannan tone-tone ne, gidan mutunci ne." Auren bai rufa shekara ba yarinyar ta dawo da ciki da tabo a gefen ido. Sai a lokacin aka ji cewa yaran shagonsa ba sa daɗewa, don sai ya tara musu haƙƙinsu ya ƙirƙiro laifi ya kore su. Kowa a layin kasuwar ya sani. Ba wanda ya tambaya ne.

Har yau in na tuna maganar tsohuwar nan sai in ji kunya ta kama ni, don ina wurin kuma ban goya mata baya ba. Ita da ba ta yi boko ba, tambayarta ita ce tambayar da ake ruwaitowa daga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da wani ya zo yana yabon wani mutum a gabansa. Ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya ce a'a, sai ya ce masa wataƙila dai a masallaci ka gan shi yana sunkuyawa yana ɗagowa, to ba ka san shi ba. Hadisin da muke yawan jawowa a maganar aure ma abu biyu ya ambata, wanda kuka yarda da addininsa da halinsa. Mu kuwa mun riƙe alamun na farko, mun saki na biyun gaba ɗaya, mun cike gurbinsa da asali da abin hannu.

Asalin nan ma, mu faɗa wa juna gaskiya. Har gobe akwai gidajen da za a hana yaro mai ilimi da natsuwa aure don kakansa mahauci ne, ko wanzami, ko maroƙi, a miƙa yarinyar ga wanda kowa ya san ba ya jin kunyar kowa, don sunan gidansu. Muna kafa hujja da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma Bahaushen da ya faɗi haka shi ne ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, don ya sha ganin ɗan malam da ya bar hanya, ya kuma ga ɗan talaka da aka ba amana ya riƙe.

Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya yi nazari a kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki, aka buga a 1974. Abubuwan da ya tattaro daga bakin mutanenmu su ne gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Nakan rubuta su a allo in ce wa ɗalibai su nemo min guda ɗaya da ake gani a hoto. Babu. Babu wanda ake gadonsa kamar gona, babu wanda ake saya a kanti. Kowannensu sai an zauna da mutum, an ba shi ajiya, an saɓa masa, an gan shi da wanda bai kai shi ƙarfi ba, sannan a sani. Ku auna jarumin littafin can da waɗannan goma, ku gaya min guda nawa ya ci.

'Yan'uwana marubuta, musamman ƙannena mata da kuke da dubban masu karatu a waya, da ku nake. Alƙalaminku ya fi nawa allon isa, don ni minti arba'in nake samu da yaran nan, ku kuwa da ku suke kwana. Ba cewa nake ku daina rubuta soyayya ba, ku rubuta. Ba cewa nake ku mayar da labari wa'azi ba, yara za su gudu. Ku kawo mai girman kai, ku kawo mai mari, suna nan a gari. Amma ku bar marin ya yi zafi har ƙarshen littafi, kada gida a Abuja ya goge shi. Ku daina sanya duk baƙar mace ta zama muguwa, duk fara mai dogon gashi ta zama ta Allah, duk kishiyar uwa ta zama mai bin bokaye. Na san matan uba da suka riƙe marayu fiye da yadda uwa za ta riƙe, kuma ban taɓa cin karo da su a shafukanku ba. In talaka ya fito a labarinku, ku ba shi suna da zuciya, kada ya zama direban da ake zagi don a nuna isar jarumi.

Da Hajiya ta dawo, ta zaci zan ce a ƙwace wayar. Na ce mata, "Hajiya, in kin ƙwace za ta karanta a ta ƙawarta. Ki karanta shi ke ma, ku zauna ki tambaye ta abu ɗaya: in wannan mutumin ba shi da ko sisi, za ta so ya aure ta?" Ta yi shiru, can ta ce, "Malama, ni kaina da aka zo neman yayarta, motar na fara kallo."

Ranar Litinin na shiga ajinsu ban ambaci sunan kowa ba. Na ba su labarin jarumin a taƙaice, na ce kowa ta ɗauki takarda ta sake rubuta shi daga bakin direban. Aji ya yi tsit, sai ƙarar biro. Da na zo tattara takardu, 'yar Hajiya ta riƙe tata ta ce, "Malama, don Allah ki bar min zuwa gobe, ban gama ba. Ina so in rubuta abin da yake faɗa wa 'ya'yansa in ya koma gida."