Dokar bayyana farashin shanu a Amurka ba ta share wa masu kiwo hawaye ba

Masu kiwon shanu a Amurka sun daɗe suna kukan cewa kamfanonin yanka na saye a ɓoye, babu mai sanin nawa aka biya maƙwabcinsa. Da farashin aladu ya faɗi warwas a ƙarshen 1998, sai majalisar ƙasar ta yi dokar bayyana farashin dabbobi a 1999, ta fara aiki a Afrilun 2001. Duk kamfanin da ke yanka shanu 125,000 zuwa sama a shekara, dole ya kai wa ma'aikatar noma rahoton cinikinsa sau biyu a rana.

Ni dai a ganina dokar ta yi amfani, amma an ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Kamfanoni huɗu, Tyson da JBS da Cargill da National Beef, su ke yanka kusan kashi 85 cikin ɗari na shanun turka a ƙasar. Su kuma aka ba kariyar sirri: idan masu saye a wani yanki ba su kai uku ba, ko ɗaya ya kwashe sama da kashi 70 na cinikin, ba a fitar da farashin. To ina amfanin? Inda mai kiwo ya fi buƙatar sanin farashi, nan ake rufe masa ido. Haka farashin jihar Kolorado ya riƙa ɓacewa daga rahoton.

Sannan kamfanonin sun koma saye da yarjejeniya tun kafin ranar ciniki, kuɗin kuma a lissafa shi daga ɗan ragowar cinikin da ake yi a fili. Ragowar nan kullum ƙanƙancewa take. Lokacin da gobara ta tashi a mayankar Tyson da ke Holcomb a jihar Kansas cikin Agustan 2019, nama ya yi tsada, shanu suka yi araha, masu kiwo na kallon alƙaluman a fili, ba yadda za su yi.

Su kansu masu kiwon bakinsu bai zo ɗaya ba. Ƙungiyar masu kiwo ta R-CALF ta goyi bayan ƙudurin Sanata Chuck Grassley na 2020 na tilasta wa kamfanoni sayen rabin shanunsu ta cinikin fili, babbar ƙungiyarsu NCBA kuwa ba ta son gwamnati ta tsara wa mutum yadda zai sayar da dabbarsa. Na fi karkata ga R-CALF, domin ƙaramin mai kiwo ba shi da ƙarfin da zai zauna da JBS su tsara yarjejeniya.