Eloise: gidan gajiyayyun da aka mayar gidan fatalwa

Jama'a ni fa abin da ake yi da Eloise yana ci min tuwo a ƙwarya. Ga wanda bai san wajen ba, tsohon gidan gajiyayyu ne na gundumar Wayne a jihar Mishigan ta Amurka, yamma da Detroit. A 1839 hukuma ta sayi wani masaukin matafiya mai suna Black Horse Tavern a bakin hanyar Chicago ta ce a kwashe talakawan birni a kai can, lokacin wajen daji ne sosai, har da yawansu suka ce su kam ba inda za su. Ni ban ga laifinsu ba, ai kowa ya gane, so ake a kai su inda ido ba zai gan su ba.

A hankali wajen ya zama gari guda, eka 902, gine-gine sama da 70, ga gonaki ga shanu ga aladu ga gidan burodi, har 'yan sandansu da 'yan kwana-kwanansu daban. Lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 mutum kusan 10,000 ne a ciki, tsoho da mai tarin fuka da mai taɓin hankali da wanda kawai aiki ya ƙare masa.

Sunan ma fa, a 1894 da aka buɗe gidan waya a wajen sai aka sa masa sunan 'yar shugaban hukumar, wata ƙaramar yarinya. To ita sunanta ya zauna har yau. Amma je ka maƙabartar, mutum sama da 7,000 aka binne kafin a daina a 1948, kowa ɗan bulon siminti aka dasa masa da lamba kawai, ba suna ba shekara, da yawa daga bulullukan ma ƙasa ta shanye su ciyawa ta rufe sai da 'yan sa kai suka zo suna tono bulullukan ɗaya bayan ɗaya.

Shi ne kuma tun 2021 aka mayar da ɗaya daga ginin da ya rage wajen tsoratarwa, ka sayi tikiti ka shiga wasu su sa kayan dodo suna maka ihu kana dariya. Haba don Allah. Na san gyaran tsohon gini kuɗi yake ci, amma in kakanka ne a ƙarƙashin bulon nan za ka sayi tikitin?