Turshin da Ya Sa Aka Zargi Bawan Allah

Duk wanda ya yi zaman karatu a Alƙahira ya san turshi, wato kayan lambun da ake jiƙawa a ruwan gishiri har su yi tsami. Ka sayi ful da ta'amiya, wato dafaffen wake da ƙosan Masar, da safe, mai shago ya ɗora maka 'yar leda a kai: karas, barkono, lemun tsami, da wasu 'yan yanka-yanka masu launin hoda, ga tsami ga gishiri ga ƙaras-ƙaras a baki. Masu launin nan su suka kama ni. Shekara biyu ina cin su a unguwar Hayyul Ashir ban taɓa tambayar sunansu ba, domin na riga na yanke hukunci cewa fijil ne, 'yar jar saiwar nan mai yaji da Turawa ke kira radish.

Wata Juma'a a watan Yuli kuɗin gida suka yi jinkiri, sai tattali ya motsa mini. Na sayo fijil ƙulli uku, na yayyanka, na zuba a tsohuwar kwalbar zuma da ruwa da gishiri da tafarnuwa. Khal kuwa, ruwan tsamin da Turawa ke kira vinegar, na ce almubazzaranci ne. Na murɗe murfin tamau kamar mai ɗaure akuyar da ta saba tsinkewa, na ɗora can saman kabad, a zafin da ke haura digiri 35.

Kwana uku, wani wari ya fara yawo a gidan. Mu da muka tashi da daddawa ba ƙaramin wari ke razana mu ba, amma wannan daban ne, kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya auri kwata. Babban cikinmu, wani Bazazzage mai karatun Shari'a, ya dinga kallon ɗan'uwanmu na Maraɗi ta wutsiyar ido. Da za mu yi Azahar ya kasa haƙuri, ya ce masa a hankali, "Malam, ko za ka sake alwala?" Bawan Allah ya rantse, ya sake rantsewa, ƙarshe dai ya je ya sake don a zauna lafiya.

Washegari aka koma zargin tukunyar gas. Muka kira bawwab, mai gadin benen, ya shafa kumfar sabulu a bututu, shiru. Aka ce mataccen ɓera ne. Aka ja firiji, aka ɗaga katifu. Ni kuwa ina gaba-gaba wajen nema, har ina faɗa kan ƙazantar mutane.

Na Maraɗin ne ya hango kwalbar, murfinta ya kumbura kamar kuncin mai busa algaita. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, abinci ne. Ina murɗawa sai fuuu! Ruwan hoda ya yi tsiri, ya wanke mini jallabiya, ya sauka kan littafin Nahawun Bazazzage. Bawwab ya ja da baya yana a'uziyya.

Da ya dawo hayyacinsa, hanci a toshe, ya tambaye ni me na jiƙa. Na ce fijil, irin na mai ful. Ya yi dariya har da riƙe bango. Ashe wancan lift ne, wata farar saiwa, kuma jan banjar, saiwar da Turawa ke kira beetroot, ake jefawa ciki ya rina ta. Fijil ɗanye suka fi cin sa. Ɗan Maraɗi, da yake harhaɗa magunguna yake karantawa, ya samu damar ramuwa: fijil dangin kabeji ne, ƙibiritu ne, wato farar wuta, a jikinsa, in ya fara tsami iska yake fitarwa, shi ya sa ake sassauta murfi kullum. Ya ƙare da cewa, "Yanzu wa zai sake alwala?"

Gaskiya ɗaya dai, da na ɗanɗana, yana da daɗi. Babu wanda ya yarda ya taya ni. A baranda na cinye shi ni kaɗai cikin kwana biyar, maƙwabciyarmu tana rufe taga duk sanda ta ga na fito da kwalba.

Da na ba mai ful labari, ya dube ni ya ce, "Ya Shaikh, nawa na taɓa karɓa a hannunka na turshi?" Na tsaya na yi lissafi. Ko sisi.