Gida cike da mutane, amma tsoho shi kaɗai

Lokacin da Birtaniya ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a Janairun 2018, na tuna dariyar da muka sha a majalisarmu, wani ma cewa ya yi Turawa sun rasa aikin yi ne kawai. Japan ta bi sahu a 2021, su da har kalma gare su, kodokushi, ta tsohon da ya mutu shi kaɗai a ɗaki ba wanda ya sani sai bayan kwanaki. Muka ce Allah ya raba mu da irin wannan, mu da muke da gidan gandu da dangi ko ta ina.

Toh ni dai yanzu na daina dariyar.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon hedimasta ne, shekara 35 ya yi yana aiki kafin ya yi ritaya. Da can in ya fito ƙofar gida bayan la'asar tabarma ba ta isar mutane, yau abokan zaman nasa kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, ɗayan da ya rage kuma 'ya'yansa sun ɗauke shi sun kai Abuja. 'Ya'yan Malam ba su yi masa rowa ba fa, duk wata alat na shiga wayarsa, shinkafa ba ta yankewa, magani ana saya. Amma ranar da na tsaya gaishe shi sai da ya riƙe ni sama da awa ɗaya yana ta ba ni labarin ƙauyen da ya fara koyarwa, sai daga baya na gane bakinsa ne ya gaji da shiru. Kuma gidan cike yake da jikoki, kowa ya duƙar da kai kan waya.

Irin kaɗaicin tsofaffinmu ke nan, suna zaune a tsakiyar mutane amma ba mai buƙatarsu. Da tsoho ke raba gardama, shi ake tuntuɓa kafin a sa ranar aure, tsohuwa ita ce ungozoma, ita ke kula da wankan jego, ita ke tatsuniya da dare. Yanzu haihuwa a asibiti, aure yara sun gama ƙulla shi a WhatsApp sai dai a zo a sanar da Baba, tatsuniya kuwa TikTok ya gaje ta. Ba cewa nake a koma haihuwa a gida ba, wallahi asibiti ya fi, amma gaskiya mun karɓe musu aikinsu ba mu ba su wani ba.

Na mata ya fi ba ni tausayi. Namiji ko ba komai yana da masallaci sau biyar a rana, zai ga mutane ya gaisa. Tsohuwar da mijinta ya rasu kuwa, kwanakin zaman makoki gida ba masaka tsinke, tana gama takaba wata huɗu da kwana goma sai ɗif, ita da rediyonta da ciwon gwiwa a ɗaki. In ta fara magana ita kaɗai a ce gigin tsufa ne a wuce.

Kuma abin yana cin jiki. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya kwatanta illar kaɗaici da shan sigari kara 15 a rana, a ƙarshen shekarar ce ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kai. Ana danganta shi da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon mantuwa. Wani abin da ba mu lura da shi, da yawa cikin tsofaffin da ake cewa sun zama miskilai kunnensu ne ya yi nauyi, sun gaji da cewa "me kuka ce?" ana yi musu dariya sai suka ja baki suka yi shiru. A kai su a duba kunnen mana.

Na san Buhari ya sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, madalla, amma ofis a Abuja ba zai zo ya zauna kan tabarmar Malam ba. Gidan gajiyayyu ma ba shi ne maganin wanda yake da 'ya'ya ba. Ai da aka ce zumunta a ƙafa take ba a ce a asusun banki ba, in ƙafar ba ta samu ba to a buga waya a ji murya, a bar shi ya yi ta maimaita labarinsa, a nemi shawararsa ko da an riga an san abin da za a yi. Hajiya kuma a nema mata islamiyyar manyan mata da mai raka ta.

Makon jiya na tura wa Malam yarana biyu ya duba musu lissafi. Koro su ya yi wai rubutunsu kamar tsakin kaza, su dawo gobe da sabon littafi. Washegari tun kafin a kira la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma, har da jan biro a aljihun riga.